Ciki a Jikin Yarinya: Gaskiyar Magana Kan Kwaroron Roba da Tazarar Haihuwa

Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena masu karatu, ina neman afuwarku tun kafin in fara, domin maganar da na ɗauko a wannan fitowa tana cikin waɗanda ɗa mai tarbiyya ba ya furtawa a gaban manya. Uzurina shi ne, malamanmu sun karantar da mu babin haila da na janaba da na idda tun muna yara, daga Ahalari har zuwa Risala, ba su tsallake shafi ko ɗaya don kunya ba, kuma babu wanda ya lalace a cikinmu saboda wannan karatu.

A gidan liman na tashi a nan Garwa. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida ya san wani baƙo da ba ya zuwa da rana. Sai an idar da sallar lisha, jama'a sun watse, sannan zai matso kusa da buzun malam ya rage murya. Ni ne mai kawo ruwa da fitila, saboda haka kunnena ya sha jin abin da ba a yi niyyar ya ji ba. Sau da yawa ba bashi ne ya kawo baƙon ba, ba kuma rabon gado ba. Maganar 'ya ce. Ko dai an aurar da ita tana da shekara 15, ta haihu da ƙyar, ga shi jariri bai yi wata shida ba wani cikin ya shiga, yarinya ta rame kamar kara. Ko kuwa tana zuwa lise, aka wayi gari ta daina cin tuwo tana yawan tofar da yawu, uwa ta dube ta sau ɗaya ta gane. Mu kan ɗauki na biyun a matsayin masifa, na farkon kuwa mu ce albarka ce. Amma ƙugun yarinya bai san ko an shafa fatiha ko ba a shafa ba.

Binciken lafiya da yawan al'umma da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa, a cikin 'yan matan Kamaru masu shekara 15 zuwa 19, kashi 24 cikin 100 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Kusan ɗaya ke nan a cikin huɗu. Binciken ya kuma nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihohinmu uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, suna cikin waɗanda auren wuri ya fi yawa. Ma'ana, yarinya mai ciki a unguwanninmu galibi amarya ce a ɗakin mijinta. Wannan ya kamata ya sauya yadda muke jin maganar hana ɗaukar ciki, domin mun saba ɗaukarta maganar 'yan iska, alhali mafi yawan masu bukatarta matan sunna ne.

Likitoci sun daɗe da sanin abin da cikin wuri ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsalolin ciki da haihuwa a sahun gaba na abubuwan da ke kashe 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a duniya. Ciwon jijjiga, wanda muke yawan ɗora wa iska mu yi ta turare har lokaci ya ƙure, ya fi kama yarinya a kan mace mai shekara ashirin da 'yan kai. Jaririnta ya fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Idan kuwa ƙashin ƙugu bai gama buɗewa ba, sai doguwar naƙuda ta kwana biyu ko uku, kan ɗa ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu, ɗan ya zo babu rai, uwa ta tashi da yoyon fitsari. Wanda ya taɓa leƙa sashen masu wannan lalura a Asibitin Furotesta na Ngaundare, ko ya ji labarin Babbar Ruga ta Katsina inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi wa dubban mata aiki, ya san shekarun da akasarinsu suka yi haihuwar da ta jawo musu, ya kuma san yadda mazajen ke sulalewa. An sami sauƙi a ƙasa baki ɗaya, don mutuwar mata wajen haihuwa ta sauka daga 782 a cikin haihuwa 100,000 a ƙiyasin 2011 zuwa 406 a na 2018. Amma 406 ma makoki ne a gidaje masu yawa.

Doka ta yi magana. Kundin hukunta laifuffuka na 12 ga Yuli 2016, a sashe na 356, ya tanadi ɗauri ga wanda ya aurar da yarinya ko yaro da bai kai shekara 18 ba. Sai dai aurenmu a zaure ake ɗaura shi, ba a ofishin magajin gari ba, kuma jandarma ba ya zuwa rabon goro. A shekarunsa na baya-bayan nan mahaifina ya ɗauki al'adar tambayar shekarun amarya kafin ya karɓi waliccin kowa, kuma ya yi asarar abokai a kan haka. Wasu sukan tashi kawai su nemi wani limamin. To, tunda auren bai daina aukuwa ba, tambayar da ta rage ita ce: yarinyar da ta riga ta tare, me zai jinkirta mata ciki har jikinta ya yi ƙwari?

Muna lise a shekarun 2000, maganganu biyu muke ji a kan kwaroron roba. A bakin titi akwai allunan tallar Prudence Plus, a aji kuma jaridar 100% Jeune tana yawo hannu zuwa hannu, har yaro ya ɗauka wanda ya riƙe wannan 'yar takarda ya gama da duk wata fitina. A wajen wa'azi kuma na sha jin ana cewa robar tana da ƙananan huji da ido ba ya gani, ciki da cuta duk suna wucewa, Turawa ne kawai ke yaudararmu. Da na girma na karanta, sai na tarar duka biyun ba daidai ba ne, kuma kowace tana da waɗanda ta halaka.

Ga abin da aka tabbatar. Robar da ba ta yage ba, maniyyi ba ya ratsa ta, ƙwayar cutar sida ma ba ta ratsa ta. Maganar huji ba ta da tushe. Idan aka ɗauki ma'aurata 100 da ba sa yin kome don hana ciki, kimanin 85 za su sami ciki kafin shekara ta zagayo. Idan ɗarin nan suka yi amfani da robar a kowace saduwa, kuma yadda ya dace, 2 ne kawai za su samu. Amma idan aka bi mutane yadda suke a zahiri, masu mantuwa da ganganci da "yau kaɗai", adadin yana kaiwa kimanin 13 a cikin 100 a shekara guda. Mai talla yana faɗin 2 ya yi shiru. Mai tsoratarwa yana nuna 13 ya ce ka gani, ba ta aiki. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu kuwa ba daga masana'anta take ba, daga hannun namiji take. Bincike a ƙasashe da dama ya kuma nuna cewa ƙananan mata sun fi manya samun ciki a kan kowace hanya da ke bukatar tunawa, domin jikinsu ya fi saurin ɗauka, bakinsu kuma ya fi nauyi. Amarya 'yar shekara 16 da ko sunan mijinta ba ta iya faɗa, yaya za ta ce masa ya dakata?

Kurakuran sanannu ne. Wani sai an yi nisa yake sakawa, alhali ruwan da ke fara fitowa yana iya ɗauke da maniyyi. Wani ya yage takardar da haƙori ya huda abin da ke ciki. Wani bai matse kan robar ya fitar da iska ba, sai ta fashe. Wani ya haɗa biyu wai don ƙarin tsaro, gogayyarsu ta yaga su. Wani bai riƙe gindinta ba wajen janyewa, ta zame. Akwai kuma biyu da suka shafe mu musamman. Na farko zafi. Kowa ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 kuma ko inuwar dalbejiya ba ta ceto. Robar da ta yi makonni a kan teburin mai sayar da magani a rana, ko a aljihun wando, ko a ƙarƙashin kujerar moto, ta riga ta gaji ko da kwanan watan da ke jikinta bai wuce ba. A saya a farmasi ko a karɓa a asibiti, a duba ranar ƙarewa, a ajiye a wuri mai sanyi. Na biyu mai. Basilin da man kaɗe da man gyaɗa da man shafawa, duk suna cin roba cikin 'yan mintoci. Mai irin na ruwa da ake sayarwa don wannan aiki ya dace.

Duk da haka tana da falala ɗaya da babu wata hanya da ta kama ƙafarta: ita kaɗai ce ke tare ciki ta kuma tare cuta, sida da ciwon sanyi da makamantansu. Ƙwaya da allura ba sa tare cuta ko kaɗan. A gidan da aka gwada miji aka same shi da ƙwayar cuta matar kuwa lafiya, ko akasin haka, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Idan kuwa manufar ita ce jinkirta ciki ga amarya ƙarama, ko ba wa mai jego hutu, to akwai abin da ya fi robar tabbas. Ƙwayar sha ta kullum, a yadda mutane ke shan ta, kimanin 7 cikin 100 ke samun ciki a shekara, kusan duk saboda tsallake rana. Allurar wata uku, irin su Depo-Provera da Sayana Press, kimanin 4 cikin 100, galibi waɗanda suka makara wajen komawa. Ashanar da ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse, Implanon ta shekara 3 ko Jadelle ta shekara 5, da kuma robar mahaifa mai jan ƙarfe da ke kai shekara 10, waɗannan ko 1 cikin 100 ba sa kaiwa. Ba wani sirri ba ne: ba su dogara da tunawar yarinya ko haƙurin miji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarancin shekaru shi kaɗai ba ya hana mace amfani da ɗayansu, ko da ba ta taɓa haihuwa ba.

Tsoron da ya fi yawa a bakin iyayenmu mata shi ne kada abin ya ƙone mahaifa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke hana haihuwa har abada. Ashana da robar mahaifa, da zarar an cire, ciki na iya shiga a watan. Allura ce ke da jinkiri, wata mace takan yi watanni, har kusan shekara, kafin ta ɗauka, saboda haka wadda ke son ciki nan kusa kada ta zaɓe ta. Abin da ya tabbata kuwa, kuma bai kamata ma'aikatan asibiti su ɓoye shi ba, shi ne rikicewar jini: wata ya ɗauke mata ɗungum, wata ya yi ta ɗigowa. A wurin Musulma wannan ba maganar lafiya kaɗai ba ce, maganar salla da azumi ce, kuma na san matan da suka cire ashana don wannan dalili kawai. Alhali fiƙihunmu ya warware ta tuntuni. A mazhabar Malikiyya, mai al'ada sananniya takan ƙara kwana uku a kan kwanakinta muddin ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Da ungozoma da malama za su zauna wuri ɗaya su yi wa mace wannan bayani, da an huta da rabin matsalar. Mai hawan jini, da mai sabon jego, da mai shan maganin tarin fuka, su faɗa wa ma'aikaciya kafin a zaɓa musu, domin ba kowace ƙwaya ce ta dace da su ba.

Shin addini ya yarda? Ba ni ne mai fatawa ba, amma ga abin da ke cikin littattafai. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubarwa a waje, a zamanin da wahayi ke sauka, kuma ba a hana su ba. Imam Malik ya halatta shi da sharaɗin yardar matar. A watan Disamba na 1988, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta ƙayyade wa mutane yawan 'ya'ya ba, bai halatta a kashe haihuwa ɗungum ba sai da larura, amma ya halatta ma'aurata su jinkirta ciki ko su ba da tazara na wani lokaci, da shawarar juna, muddin babu cutarwa kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin robar a kan azalu. Abin lura, azalun da malamai da yawa suka yarda da halaccinsa shi ne mafi rauni, don kimanin 20 cikin 100 na masu dogara da shi suna samun ciki a shekara.

Hasali ma tazara ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Kakanninmu suna da goyon ciki, yarinya ta koma gaban uwarta ta haihu, ta yi wankan jego, miji kuma ya yi nesa har a kusa yaye. Kwanika abin kunya ce da ake yi wa mace habaici a kanta. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu, likitoci kuma a yau suna ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Abin da ya sauya shi ne zama: yanzu ango da amarya suna ɗaki ɗaya na haya a Yelwa ko Jambutu, babu kaka a tsakar gida mai tsawatarwa. Shayarwa ita kanta tana hana ciki, 2 cikin 100 kawai ke samu, amma da sharuɗɗa uku a haɗe: jariri bai wuce wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba. Ruwa da kunun da muke ɗura wa jariri da sunan zafi suna rage tsotso, kariyar ta tafi.

Saura baƙon dare na biyu, uban 'yar lise. A nan ba ni da wata sabuwar magana a kan hukunci: zina haramun ce da roba ko babu roba, kuma ba zan ce wa uba ya saka wa 'yarsa kome a jakar makaranta ba. Abin da nake musu a kai shi ne zaton cewa jahilci katanga ne. Yarinyar da uwarta ba ta gaya mata yadda ciki ke shiga ba, wayar hannu za ta gaya mata, ko ƙawa, ko shi mai yaudarar da kansa, wanda zai rantse mata cewa sau ɗaya ba ya zama ciki, ko ruwan kanwa da gishiri na wanke shi. Duk ƙarya ce, sau ɗaya ya isa. Daga nan sai neman zubarwa a ɓoye a hannun wanda bai san kome ba, abin da shari'a ta hana, sashe na 337 na dokar ƙasa ya hana, kuma yake kai yara kabari da zubar jini. Kuma a duk shekarun da na yi ina kawo fitila zaure, ban taɓa ganin uban da ya zo kuka a kan cewa ɗansa namiji ya yi wa 'yar wani ciki ba. Su ma samarin a gidajenmu suke kwana.

Akwai wadda ba ta da laifin kome, wato wadda aka yi wa fyaɗe, sau da yawa a hanyar talla ko a gidan da take aiki. Al'adarmu ita ce a rufe, a yi mata wanka, a ja kunnen kowa. Iyayena, awannin da ake ɓatawa wajen rufin asirin su ne masu tsada. Idan aka kai ta asibiti cikin awa 72 akwai maganin da ke hana ƙwayar sida kama jiki. Akwai kuma ƙwayar gaggawa, irin su Norlevo, wadda ta fi aiki a kwana ukun farko kuma ana iya ba da ita har kwana biyar. Aikinta jinkirta fitar ƙwan mace ne. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya zauna. Ba ta kai sauran hanyoyin tabbas ba, shi ya sa ba a mayar da ita abin kullum.

Ga wadda cikin ya riga ya shiga, da aure ko babu, awo ya zama dole, haihuwa kuma a asibiti. Tsarin Chèque Santé da aka fara a jihohin arewa a 2015 an kafa shi ne a kan sefa 6,000, ya ɗauki awo da haihuwa, har da tiyata idan ta kama, da kulawar kwana 42 bayan haihuwa. A wannan zuwa na bayan haihuwa ne ya fi dacewa miji ya raka matarsa su tambayi maganar tazara tare, ya ji da kunnensa, domin abin da mace ta saka a ɓoye shi ke zama rigima ranar da aka shafa damtsenta aka ji.

Muna aji huɗu a sakandare akwai wata yarinya da ke gaba da mu duka a lissafi. Bayan hutun tsakiyar shekara ba ta dawo ba, aka ce ciki ne, kuma ƙa'idar da aka kafa tun 1980 ita ce a sallami mai ciki. Wanda ya yi mata shi ba ɗalibi ba ne, babu abin da ya same shi. A watan Afrilu na 2022 ministar ilmin sakandare, Nalova Lyonga, ta fitar da takardar da ta soke wannan: ɗaliba mai ciki za ta ci gaba da karatu har mako na 26, ta tafi hutun haihuwa, sannan ta dawo ajinta. Iyaye da yawa a unguwanninmu ba su ji labarin wannan takarda ba, suna cire 'ya'yansu da kansu tun kafin shugaban makaranta ya ce uffan. Ita waccan 'yar ajin namu na gan ta bara a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi tana sayar da ƙuli-ƙuli, tana yi wa masu saye lissafin canji da ka tun kafin su gama ƙirga kuɗinsu.